Yadda Za Mu Gyara Masaƙar Duwatsun Ado

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Samari da yawa daga Illela da Tajaye da Badagishiri sun kama hanyar ci-rani, wasu Abijan, wasu Legas. Masu garka a Galmi da Dogarawa da Tsarnawa sun duƙufa ga albasa. A cikin gida kuwa, tsakanin azahar da la'asar, akwai ɗan lokacin da mace ke samu bayan ta sauke tukunya. Darasinmu na yau ya shafi wata ƙaramar sana'a da ake iya yi a wannan lokaci, wato saƙar duwatsun ado, ƙananan nan masu launi iri-iri da ake yin warwaro da ɗamara da abin rataya makulli da su.

Duwatsu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san murjani, sun san tsakiya, sun san jigida. A garin Bida na ƙasar Nufe akwai masaga, masu narka kwalba su mai da ita duwatsu da mundaye. A da kuma fatake na kawo waɗansu daga birnin Banis na Italiya, ta hanyar Tarabulus da hamada. Ƙananan da muke gani yau a kasuwar Birnin Ƙonni yawancinsu daga ƙasar Sin da Indiya suke fitowa, su bi ta Kano da Sakkwato, su ƙetaro iyaka ta Illelar Najeriya.

Abin da muka saba da shi shi ne shirya duwatsu a zare guda. Saƙa su kuwa, su fito da faɗi kamar sawayen masaƙi, da zane a jikinsu, wannan yana bukatar masaƙa. A cibiyoyin yaƙi da jahilci da muke zagayawa, masaƙar da muka fi gani ita ce katako guda shimfiɗe, an kafa masa ƙusoshi a wannan baki da wancan baki, an ja zare tsakaninsu. Tana aiki, ba mu ce ba ta aiki ba. Amma ita ce ke sa warwaro ya fito a karkace, wani wuri a tsuke, wani wuri a sake. Mai saye ya ɗauka, ya juya, ya ajiye.

Wannan asara ba ƙarama ba ce ga mai ita. Mata da dama da kuɗin asusu suke sayen kayan aiki, irin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, ya kuma bazu har ƙauyukanmu. Bashin asusu yana da ranar biya. Idan ranar ta zo warwaro goma na kwance cikin kwalla ba a saya ba, akuya ko tiyar hatsi ce za ta biya.

Ina laifin masaƙar katako?

Na farko, zaren yana kwance dab da katako. Ita kuwa wannan saƙa daga ƙasa ake turo duwatsu da yatsa, su shiga tsakanin zare da zare. Idan hannu bai samu wurin shiga ba, sai mai saƙa ta riƙa ɗaga zaren da ƙarfi. Kowane ɗagawa yana sa shi saki.

Na biyu, ƙusoshi ba su taɓa jeruwa daidai. Dutsen da muke magana a kai faɗinsa bai wuce milimeta 2 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na santimeta. Babu kafintan da zai kafa ƙusa takwas a jere da irin wannan tazara, katako bai tsage ba. Dole a buɗa su. Da an buɗa su, zaren ya zama mai faɗi a baki, mai tsukewa a tsakiya, saƙar kuma ta bi shi. Ga tsatsar ƙusa tana cin zare, tana kuma ɓata farinsa.

Sai maganar tsawo. Katakon santimeta 30 warwaro kaɗai zai ba mu. Ranar da wani ya ce a yi masa ɗamara, sai a fara neman katako mai tsawon ƙofa.

Duk waɗannan suna da magani, kuma yawancin maganin ba ya cin kuɗi.

A ɗaga zare, a jera shi

A samu katako mai tsawon santimeta 40, faɗi 12, kauri 2. A samu waɗansu guntaye biyu masu faɗin 12, tsayi 8 ko 10. A tsai da su a bakin katakon nan biyu, ɗaya nan, ɗaya can, kamar bangon ɗaki biyu suna duban juna. A kansu zare zai hau. Gwajin tsayin mai sauƙi ne: mai saƙa ta dunƙule hannunta ta sa a ƙarƙashin zaren. In ya shiga bai taɓa ba, tsayi ya yi.

Ba sai an sare itace ba. Guntayen da ke zube a rumfar kafinta sun isa. In za a sassaƙa ne, dogon yaro ya fi, domin gara ba ta cika damunsa ba, kuma muna da shi ko'ina. Tun shekarar 1975 aka fara dasa shi layi-layi a kwarin Majiya, wajen Buza, don kare gonaki daga iska. Amma lalle ya zama busasshe. Ɗanyen itace yana lanƙwashewa idan hunturu ya buge shi, masaƙa ta murɗe. Gawo kam a bar shi a gona, aikinsa can ya fi wannan.

Yanzu sai jera zare, wanda shi ne zuciyar gyaran. A sayi matsefin roba mai ƙananan haƙora, irin na taje kai. A raba shi biyu da wuƙa mai zafi. A ɗaure rabi a kan wannan bango, rabi a kan wancan, haƙora na duban sama. Kowane zare ya shiga tsakanin haƙori da haƙori. Shi ke nan, tazara ta daidaita daga farko har ƙarshe, ba tare da ƙusa ko guda ba.

Sai dai a lura, ba kowane matsefi ne ya dace da kowane dutse ba. Ranar da za a je saye, a shirya duwatsu goma a zare a tafi da su. A ɗora su a jikin haƙoran. In duwatsu goma sun cika gurbi goma, an dace. In sun cika tara ko goma sha ɗaya, da sauƙi. In sun wuce haka, a nemi wani. Ga manyan duwatsu masu milimeta 3 ko 4, sai a riƙa tsallake haƙori guda.

Akwai wata dabara da ta fi matsefi ƙarko. A je wurin makaniki a nemi dogon noti, wanda suke kira bulon, guda biyu iri ɗaya. Zaren ƙarfen da ke kewaye da jikinsa inji ne ya yanka shi, saboda haka tazararsa ba ta kuskure. Wanda makulli mai lamba 17 ke kwancewa, tazarar tsaginsa milimeta ɗaya da rabi ce. Na lamba 19 ya ɗan fi shi buɗewa. Su biyun sun dace da ƙananan duwatsu. A wanke baƙin mai da kananzir, a sake wankewa da sabulu, a goge. A kwantar da kowanne a kan bango, a danne kansa da gindinsa da lanƙwasasshiyar ƙusa. Mu dai a ganinmu bulon ya fi, domin haƙorin matsefi na karyewa in rana ta daɗe tana dukansa. Amma wadda ba ta samu ba, kada ta zauna jira. Matsefi zai kai ta shekara.

Mu koya daga masaƙi

Kowa ya taɓa tsayawa kan masaƙin gargajiya ya ga abu biyu. Wadarinsa yana da tsawo ƙwarai, amma shi a zaune yake wuri guda. A can nesa ya ɗaure zaren ga kunkuru, wato abin nan mai nauyi da aka ɗora wa dutse, yana jan sa sannu-sannu. Nauyin kunkuru ke sa zare ya miƙe daidai kullum. Abin da ya saƙa kuma yana naɗe shi a sanda da ke gabansa. Da wannan hikima mutum ke saƙa ƙarya mai tsawon kamu da yawa a cikin ƴar rumfa.

Mu ma haka za mu yi, sai dai a ƙanƙance. A bayan kowane bango a sa sanda mai zagaye, kaurinta kamar na ƙotar tsintsiyar zamani, tsawonta santimeta 16. Kafinta zai kafa ƴan kunnuwa biyu na katako a gefe da gefe, ya huda su, sandar ta ratsa ta cikinsu tana juyawa. A tsakiyar sandar a kafa ƙusa guda mai faɗin kai, a bar kanta a waje kaɗan. A nan ake ƙulle zarurruka duka. Sanda ta nesa tana riƙe da zaren da ba a kai gare shi ba. Ta kusa tana naɗe abin da aka gama. In saƙa ta cika tsakanin bango biyu, a sassauta ta nesa, a naɗe ta kusa, a ci gaba. Masaƙar santimeta 40 ta iya ba da ɗamara mai tsawon mita guda ke nan.

Yaya za a hana sandar warwarewa? A huda ƙarshenta da ya leƙo waje, a zura doguwar ƙusa ta ratsa, ta zama mariƙi. Bayan an murɗa zare ya miƙe, a ɗaure mariƙin da robar cikin tayar keke, a maƙala ta ga wata ƙusa a jikin katakon ƙasa. Wannan robar tana da wani amfani kuma. A manna guntayenta huɗu a ƙarƙashin masaƙa, ba za ta riƙa zamewa a kan tebur ko akwati ba. Idan ana naɗe saƙa a sanda, a sa takarda ko ƙyalle tsakanin naɗi da naɗi, don kan ƙusa kada ya fasa duwatsu.

To, yaya ƙarfin ɗaurin zai kasance? A nan mutane da yawa ke kuskure. Suna zaton in zare ya yi tauri kamar tsirkiyar gurmi, shi ne daidai. Ba haka ba ne. Zaren roba yana miƙewa in an ja shi. Ranar da aka yanke saƙa daga masaƙa sai ya koma yadda yake, ya tattaro duwatsu, warwaro ya yi tudu da kwari kamar kunyar gona. In kuma ya yi sako-sako, layuka su buɗe, a riƙa hango zare. Daidai shi ne, in an danna da yatsa ya ɗan lotsa kamar kaurin kireyo, ya dawo. A shafa yatsa a kansu duka. Wanda aka ji ya fi ƴan'uwansa saki, a gyara shi tun ba a sa dutse ko guda ba, domin daga baya ba ya gyaruwa. Idan ana cikin aiki duka suka ɗan saki, a zura kireyo ko tsinken kara a ƙarƙashinsu dab da bango, ya ɗaga su. In za a kwana ba a gama ba, a cire kireyon, a sassauta sanda, zare ya huta.

Zare, allura da tankaɗe duwatsu

Zaren ɗinkin keke na auduga ba ya jure wannan aiki. Bakin dutse yana da kaifi, yana cin sa a hankali, gumi kuma ya ƙarasa shi. Zaren kamun kifi yana da ƙarfi amma yana da santsi, ƙullinsa na kwancewa. Wanda ya fi shi ne siririn zaren lailon, irin wanda dukawa da masu gyaran takalma ke aiki da shi. A ja shi sau biyu a kan kakin zuma kafin a ɗora. Kaki na hana shi sarƙewa da tsattsagewa. Zaren baki na dama da na hagu a ninka su biyu-biyu, domin su ne ke gugar hannu.

Allura tilas ta zama siririya, domin sau biyu take ratsa kowane dutse, ita da zarenta. In ba a samu a kasuwa ba, a warware tsohuwar wayar birkin keke, a zaro sili guda, a ninka shi biyu, a murɗa, a bar ɗan ido a wurin ninkin. Idon yana matsewa da kansa in ya shiga dutse. A goge tsininta a kan dutsen niƙa don kada ta tsaga zare.

Duwatsu masu araha ba kansu ɗaya ba. A cikin ƙulli guda akwai mai ƙiba, akwai siriri, akwai wanda hujinsa ya toshe. Dutse guda mai ƙiba ya isa ya karkatar da layi. Saboda haka a zuba su a faifai da aka shimfiɗa wa ƙyalle, a tsince su kamar yadda ake tsintar wake. Waɗanda aka fitar ba asara ba ne, sai a yi jigida da su. A kuma ɗebi kaɗan a jiƙa cikin ruwan sabulu kwana guda. In ruwan ya rine, fenti ne kawai aka shafa musu, za su koɗe a hannun mai saye, sunan mai saƙa ya ɓaci.

Wata shawara: launin da za a yi aiki da shi a saye shi gaba ɗaya. Ja na wannan mako da ja na mako mai zuwa ba safai suke zama ɗaya ba. Mu da ke bakin iyaka mun kuma ga yadda kaya ke yankewa, kamar lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufewar da aka sake yi a 2023.

Inda karatu ya shigo

Ƙa'idar farko ta lissafi ce: yawan zare ya ɗara yawan duwatsu da guda. Faɗin dutse 7, zare 8. Faɗin dutse 11, zare 12. Dalili kuwa, kowane dutse yana son zare a damansa da hagunsa.

Ga yadda saƙar take. A ƙulla zaren allura a jikin zaren baki na hagu. A shirya duwatsu 7 a allura. A bi da su ta ƙarƙashin zarurrukan zuwa dama. A turo su sama da yatsa, kowanne ya shiga gidansa. Sa'an nan a dawo da allura daga dama zuwa hagu ta cikin hujin duwatsun, amma wannan karo ta bisa zarurrukan. Zare guda a ƙasa, zare guda a sama, wadari a tsakiya, layi ya kamu. In allura ta kuskure ta bi ta ƙarƙashin zare ɗaya, dutsen wurin zai faɗa ƙasa da ƴan'uwansa. Kafin a ja allura, a duba: ana ganin ƙyallinta a bisa kowane zare? In an gani, a ja. Layi na farko shi ke da wuya, na uku ya zama wasa.

Yanzu ku ɗauko littafin rubutu na ƴan lakkwal, mai ƙananan gidaje. Kowane gida dutse guda ne. A ƙirga gida 7 daga sama zuwa ƙasa. Na sama da na ƙasa su ne baki, a bar su launi ɗaya. Biyar na tsakiya su ne tsayin baƙi. Yawancin manyan baƙaƙe suna shiga cikin gida 5 a tsaye, gida 4 a kwance. M da W sun fi son 5. A cike gidajen da kireyo har baƙin ya fito.

Mu ɗauki kalmar ADAR. Baƙaƙe 4 ne. Kowanne layi 4, da layi guda na tazara a bayansa, 5 ke nan. 5 sau 4, layi 20. Da ƙananan duwatsu, layi 5 ke ba da kimanin santimeta guda. Warwaron babbar mace mai santimeta 16 zai ci layi 80. A cire 20 daga 80, saura 60. A raba biyu: layi 30 kafin suna, layi 30 bayansa. Duwatsu nawa za a bukata? 80 sau 7, wato 560. Tsawon zare kuwa, a ƙara santimeta 15 a kowane gefe saboda ƙulli: 16 da 15 da 15, ya zama 46. A yanka 50 don a huta.

Kada ku yi mamaki in baƙin ya fito a jikin saƙa ya ɗan fi na takarda faɗi. Gidan takarda tsayinsa da faɗinsa ɗaya ne, dutse kuwa ba haka yake ba, ya fi kama da ƴar taya. Ba kuskurenku ba ne.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, suna bukatar ƙarin layi guda don ƙugiyarsu. Kada a yar da ita don ƙyuya. Wanda ya rubuta ƙofa ba ƙugiya ya san abin da malamin cibiya zai ce masa, balle a saƙa, inda babu magogi. Kafin a fara, mai suna ya duba takardar da idonsa, ko a kai wa malami. Baƙi guda da aka juya baya, warwaro ya tashi aiki. Muna kuma roƙo kada a saƙa sunan Allah ko aya a abin da za a ɗaura a hannu a shiga da shi ko'ina.

Gamawa da sa kuɗi

Kafin layin farko da bayan na ƙarshe, a saƙa zare zalla ba dutse, kamar faɗin yatsa, yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya. Wannan shi ke tare duwatsu. Sa'an nan a yanke, a ajiye saƙar a shimfiɗe ta kwana, a ƙulla zarurrukan biyu-biyu, a kalmashe su baya. Wadda ke son aikinta ya daɗe ta kai wa baduku ya ɗinka shi a kan fata. Fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ta yi suna a duniya saboda laushinta, ga ta kuwa a ƙofar gidanmu.

Mu yi lissafi da misali, kowa ta sa farashin kasuwarsu a madadin namu. A ce an sayi duwatsu na dala 200, zare na dala 60, fata da ɗinki dala 100. Jimla dala 360. A ce sun ba da warwaro 10. Kowanne ya ci dala 36. In an sayar dala 50, riba dala 14 ce. In warwaro guda ya ci awa biyu, sai mai saƙa ta tambayi kanta ko dala 14 ta biya ta awa biyu, ko kuwa tuyar ƙosai ta fi.

Gaskiyar magana, warwaro marar rubutu ba zai iya gasa da na kamfani ba, wanda ake zubawa tuli a faranti da araha. Amma kamfanin ƙasar Sin bai san sunan amaryar da za a kai Gidan Idar ranar Juma'a ba, bai san sunan ƙungiyar masu albasa ba, bai san jaririn da za a raɗa wa suna jibi ba. Wannan kasuwa ta wadda ta iya rubutu ce. A karɓi rabin kuɗi kafin a fara, domin abin da aka saƙa da sunan Rabi ba ya sayuwa ga Hadiza.

Lafiyar mai saƙa da ta ƴaƴanta

Ido shi ne jarin wannan sana'a. A yi aiki da rana, a inuwa mai haske, ba a gaban fitilar kwai ko tocila ba. Bayan kowane layi goma sha biyar ko ashirin a ɗaga kai a dubi nesa. Wanda ya haura shekara 40 yakan ga abin kusa ya fara yi masa hazo, har zura zare a allura ya gagara. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma duwatsu ne suka jawo ba, shekaru ne. Tabarau na karatu yana gyara shi. A je a auna a likita, kamar asibitin Birnin Ƙonni ko na Galmi, maimakon a sa kwalli ko ruwan ganye. A ɗora masaƙa a kan akwati ko ƙaramin tebur, kada a ajiye ta ƙasa a duƙa a kanta, domin wuya da baya su ke biya.

Kada a riƙe allura ko duwatsu a baki. Ƙusa mai tsatsa in ta soki mutum, a wanke da ruwa da sabulu nan take, a je likita a tambayi allurar rigakafin tetanos, ciwon nan da ke sandare jiki ya sarƙe haƙora.

Babban haɗari kuwa ga yara yake. Dutse mai launi a idon mai rarrafe abinci ne. Na shekara biyu zuwa huɗu kuma su ne masu cusawa a hanci da kunne. In ya shiga kunne, kada a sa tsinke ko ashana ko gashin kaza, tura shi ciki za a yi, har a huda dodon kunne. A karkatar da kan yaro wajen kunnen. In bai faɗo ba, sai likita. In a hanci ne, kuma yaron ya yi wayon fyacewa, a toshe ɗaya ƙofar ya fyace a hankali. In bai fito ba, kada a tona. Yaron da hancinsa guda ke zubar da majina mai wari kwana da kwanaki, a yi zaton akwai abu a ciki, a kai shi a duba.

Idan jariri ya shaƙe da babban dutse, ba ya kuka, ba ya tari, ba ya numfashi, babu lokacin neman kura ko babur. A kifa shi a kan hannu, kansa ya fi gindinsa yin ƙasa, a tallabe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In bai fito ba a juyo shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, a sake kifa shi. Ana yi wani na kiran taimako. Kada a zura yatsa a maƙogwaro ana lalube. Ko abin ya fito, a kai shi likita a ranar.

Jigida ko warwaron da aka sa wa jariri a riƙa duba shi kowane mako, domin yaro na girma, zare ba ya girma. Yatsan uwa ya iya shiga tsakaninsa da fata. A wuya kuwa kada a ɗaura masa komai in zai kwanta. Da an tashi daga aiki a juye duwatsu cikin kwalba mai murfi, a share wurin, a rataye masaƙa da allurarta a inda hannun yaro ba ya kaiwa.

A zama mai zuwa kowa ya zo da littafinsa mai gidaje da kireyo, ya zana sunansa cikin gida 5 a tsaye, ya ƙirga layi nawa ya ci. Masu suna da Ɗ ko Ƙ su zana sau biyu, malamin cibiya zai zaɓi wanda ƙugiyarsa ta fi fitowa.